ABS: mi za mu kira shi da Hausa?

Jama'a ku taya ni da wagga magana. Jiya ina gareji fitilar nan ta ABS, wato na'urar da ke hana taya ƙamewa in an taka birki, ta ƙi mutuwa a dashbod, bakanike ya leƙa bayan taya ya hiddo wata 'yar waya da ta tsinke ya ce "Alhaji ebiyes ɗinka ne." Yaron shi ya tambai mi ake nuhi da ebiyes, dut munka yi shiru, mun san aikin abin amma suna babu.

Asali ba don mota anka yi shi ba, don jirgin sama ne, kada taya ta ƙame lokacin sauka. A Ingila kamfanin Dunlop ya yi nashi mai suna Maxaret, shi anka sa ma motar Jensen FF a 1966, ba kwamfuta ciki. Na lantarki ya zo a Amurka cikin Chrysler Imperial ta 1971, sannan Bosch da Mercedes sunka hito da nasu a 1978, shi ne ya bazu duniya.

Aikin shi kau, kowace taya akwai zobe mai haƙora da sensa tana ƙirga juyawarta, in ka taka birki da ƙarhi taya na shirin tsayawa cik mota ta shiga sulɓi, sai kwamfuta ta rage matsin man birki ta sake matsawa, sau da yawa cikin daƙiƙa guda, taya na ta juyawa sitiyari na jin maganarka ka kauce ma abin da ke gabanka.

Wani malami ya ce mu ce "birki mai hana taya kullewa". Ma'ana ta hita, amma wa zai tsaya hwaɗin wannan duka a gareji? Wani ya kawo "hana-kulle", ni dai sai in ji kamar zancen makullin ƙohwa ake. "Birkin kwamfuta" ma bai yi ba, yanzu mi ne ba kwamfuta a mota, ESP (na'urar da ke hana mota sulɓewa gefe a kwana) da ya zo 1995 shi ma ita ke tuƙa shi.

Wanda ya kwanta min shi ne na wani dattijon direba da ke bin hanyar Illela: BIRKIN KAMA-SAKI. Ya ce tun suna yara haka ake koya musu da ƙahwa, ka taka ka saki ka taka. Kuma sunan na koyar da mutum, don ranar da jaki ya hwaɗo min titi wajen Gwadabawa na ji feda na bugun tahin ƙahwata kar-kar-kar, na tsorata na ɗaga, na aza birki ya lalace, alhali dannewa ya kamata in ci gaba da yi. Allah dai ya tsare.

A tuna cikin rairayi ko tsakuwa ABS yana iya ƙara ma mota nisan tsayawa, 'yan hanyar ƙauye ku kula.

Ni na tsaya ga kama-saki. Bakanikai da direbobin tasha, in anka ce muku haka za ku gane?