Macen kifin kilawun ta mutu, wane iri za a haɗa wa wanda ya rage?

Abu Safwan: Assalamu alaikum. Kifin kilawun ne (wato clownfish, ɗan kifin teku mai ruwan lemu da fararen layuka) guda biyu, jinsin ocellaris, a tankin gilashi mai lita 120. Babbar ta mutu wata biyu da suka wuce, ƙaramin ya rage shi kaɗai, tsawonsa kamar santimita 6. A sayo masa mace babba irin wadda ta mutu ne, ko yaya?

Baban Iman: Wa alaikumus salam. Kada ka sayo babba, ɗan'uwa. Wannan kifin ba a haifarsa mace. Wanda ya fi ƙarfi a cikinsu shi yake rikiɗa ya zama mace, kuma in ya rikiɗa ba komawa. Naka ya yi wata biyu ba mai danne shi, ka ɗauka kawai mace ce yanzu ko ta kama hanya. Mata biyu a tanki ɗaya kuwa faɗa ne, sau da yawa sai ɗaya ta mutu.

Nemi ɗan ƙarami, santimita 2.5 zuwa 3, shi ma ocellaris. In ka je shago, duba tankin da aka tara ƙanana da yawa, ka bar mafi girmansu, ka ɗauki na ƙasa-ƙasa. Wanda ya daɗe a ajiye shi kaɗai, ƙyale shi ko da ƙarami ne a ido.

Maman Tanki: Malam, kafin maganar sayayya, me ya kashe ta? Gwada ruwan tukuna: amoniya da nitrait (gubar da kashin kifi ke haifarwa a ruwa) su zama sifili, nitret (abin da suke rikiɗa su zama) ƙasa da 20, gishiri 1.025 a ma'aunin nauyin ruwa, zafi digiri 25 zuwa 27. Idan ka ga farin majina a jikinta tana numfashi da sauri kafin ta mutu, alamar Brooklynella ce, cutar da ta fi addabar wannan kifin.

Sabon kuma ya yi mako huɗu a killace a wani ƙaramin tanki daban. Shaguna da yawa suna rage gishirin ruwansu, to ka auna ruwan ledar da aka ba ka kifin a ciki, ka riƙa ɗiga masa naka a hankali har su daidaita. Maganin da ke da jan ƙarfe kada ya kusanci babban tankin, yana kashe murjani da animoni (dabbar teku mai kama da fure da wannan kifin yake fakewa a cikinta).

Baban Iman: Gaskiya ne, Hajiya. Ranar haɗawa, kada a sake shi haka kawai. Sa shi a akwatin roba mai haske da huji-huji, ka maƙala a cikin tankin kwana uku zuwa bakwai, suna ganin juna ba cizo. Sai ka ɗan sauya jerin duwatsun, ka ciyar da su, ka kashe fitila, ka buɗe.

Za ta kore shi, wannan ba komai. In ya karkata gefe jikinsa yana karkarwa, ba ciwo ba ne, mubaya'a yake yi mata. Amma in suna kama bakin juna, ko fikafikansa sun yayyage, ko ya laɓe a kusurwar sama ya ƙi cin abinci, mayar da shi akwatin ka ƙara mako ɗaya. In kama bakin ya ci gaba, wataƙila mace aka sayar maka, sai a canjo wani.

Abu Safwan: Allah ya saka da alheri. Sai an sa musu animoni kafin su shirya?

Maman Tanki: A'a. Tukunyar ƙasa da aka kwantar a gefe ta ishe su, har ƙwai suna sawa a jikinta.