Na bar Kano, na canza aiki, amma ƙuncin ya biyo ni

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema.

Shekarata 34. Na yi shekara tara ina tsaron shagon atamfa a Kantin Kwari, kullum ina ɗora wa kasuwar laifin ƙuncin da nake ji. A 2023 na tattara na koma Abuja, na samu aikin ofis a Wuse, na kama ɗaki a Mararaba. Wata biyun farko kamar an sauke mini dutse daga ƙirji. Daga nan sai abin ya dawo yadda yake. In na idar da sallar asuba sai in zauna a kan darduma, jikina a mace, ba abin da nake ɗokin yi. Ko albashi ya shigo ba na jin komai.

Na yi wa Yaya maganar, ya ce rashin aure ne. Wataƙila da gaskiyarsa, amma tsorona kada in ɗauko 'yar mutane in jefa ta cikin wannan hali. Addu'a kam ban daina ba.

Wanda ya taɓa shiga irin wannan, ta ina ya fara? Likita ya kamata in gani, ko kuwa in koma gida?