Don Allah a agaza: me za a kira "lineup" da "emerging bands" da Hausa?

'Yar Rediyo: Salam jama'a. Gobe ƙarfe tara na safe za mu naɗi shiri, rubutun kuma da Turanci ya zo hannuna. Magana ce a kan yadda mutum zai zaƙulo sababbin mawaƙa a manyan bukukuwan kiɗa irin su Glastonbury na Ingila da Coachella na Amurka, wato kada idonka ya tsaya kan sunayen da aka rubuta ɓaro-ɓaro a saman fosta, ka gangara can ƙasa inda rubutun ya ƙanƙance, ka ɗauki suna biyar ko shida da ba ka taɓa ji ba ka nemo su a Spotify ko YouTube tun kafin ranar. Kalmomi uku ne suka tsaya min a wuya: lineup, emerging bands, da headliner. Ba na son in yi ta zuba Turanci a iska.

Tafinta: Jerin mawaƙa. Masu tasowa. Na ukun ki ce manyan baƙi ki wuce abinki.

Ɗan Jita: Manyan baƙi kuma? Ai mai sauraro zai ɗauka waɗanda aka ajiye wa kujera a gaba ake nufi. Headliner shi ne wanda ke hawa babban dandamali a ƙarshe da daddare, mafi yawan mutane ma saboda shi suka yanki tikiti. Mai rufe fage ya fi.

Ummi K: Lineup ba jadawali ba ne? ni haka nake jin ana faɗa

Ɗan Jita: A'a Anti, abu biyu ne. Lineup sunaye ne kawai, ana fitar da shi watanni kafin biki, iyaka a ce wane Juma'a wane Asabar wane Lahadi kamar yadda Coachella ke yi. Wanda ke ɗauke da ƙarfe nawa da kuma wane dandamali sai an matso sosai yake fita, to shi ne jadawali. Kuma bambancin na da amfani a shirin nan, don da jerin kake bincike, da jadawalin kake gane cewa mutum biyun da ka zaɓa sun ci karo a lokaci ɗaya kuma tsakanin dandamalinsu tafiya ce mai nisa, dole ka haƙura da ɗaya.

Malam Nahawu: Jeri ya yi, ba ni da ja. Amma "masu tasowa" ta gaji. 'Yan kasuwa masu tasowa, ƙasashe masu tasowa, 'yan ƙwallo masu tasowa, komai mai tasowa ne, har kalmar ta daina faɗin komai. Ni na daɗe da ƙirƙiro 'yan toho. Toho shi ne ganyen da ya fara leƙowa, bai buɗe ba amma kowa ya ga alamar rai. Abin da Baturen ke nufi ke nan. Ki yi amfani da ita 'yata, za ki gode min.

Ummi K: 'yan toho 😂 Malam wlh sai a ɗauka shirin noma ne

Tafinta: Ranka ya daɗe hoton ya yi kyau, amma rediyo ce fa. Kalmar da sai an tsaya an yi mata sharhi ta ci rabin minti. Masu tasowa kowa ya gane nan take.

'Yar Rediyo: To "sababbin jini" fa? ko "masu tashe"?

Tafinta: Kada ki kuskura ki ce masu tashe, wannan kishiyar abin da kike nufi ce. Mai tashe ya riga ya iso, shi ake yayi. Sabon jini kuma ya fi karkata ga shekaru, alhali akwai waɗanda suka daɗe suna kiɗa a ƙananan wurare, furfura ta fara fito musu kafin a san da su.

Sani Bass: ni a ganina a bar wahala a ce 'yan ƙasan fosta, tunda can ake samun su

Ɗan Jita: Nan ma akwai tarko. Ba duk wanda aka rubuta da ƙaramin baƙi ne sabo ba. A Janairun 2019 Burna Boy ya fito ya yi ƙorafi a fili cewa Coachella sun ƙanƙantar da sunansa a fosta, kuma a lokacin mutum ne da ya yi shekaru yana cika fili, su can ne ba su gama saninsa ba. Girman rubutu yana nuna yadda masu bikin suke ganin za ka ja musu jama'a a kasuwarsu ne, kuma har ciniki ake yi a kai tsakanin wakilan mawaƙa da masu shiryawa. In ana son a san sabo na gaske a duba inda aka sa shi. Glastonbury na da gasar da suke yi wa sababbi, wanda ya ci a ba shi gurbi a ɗaya daga manyan dandamali, ga kuma dandamalin BBC Introducing, tsarin da BBC ta fara a 2007, mawaƙi ya ɗora waƙarsa da kansa a saurara. Ed Sheeran ya hau shi a 2011, a 2017 shi ya rufe fage a Pyramid, babban dandamalin Glastonbury. Coldplay kuma, band ɗin nan na Ingila, a 1999 a tantin sababbi na Glastonbury suka yi wasa, 2002 suna saman fosta.

Malam Nahawu: Ka gani ko? Ka kawo min hujja da bakinka. A 1999 toho ne, a 2002 ya zama reshe. Masu tasowa za ta ba ka wannan?

Ɗan Jita: Ta bayar mana Malam, sun taso ai 😅

Malam Nahawu: Wasa kuke yi da abin da ba na wasa ba. Dubi rubutunku, fosta, tikiti, ga wani can ya sa wa kansa Bass. Ku 'yan kafafen yaɗa labarai ku kuka lalatar da harshen nan, duk kalmar da ta zo sai ku lanƙwasa mata baki ku ce ta zama Hausa, in mutum ya kawo ta gida tsantsa ku yi masa dariya. Ina wannan aikin tun kafin a haifi wasunku.

Tafinta: Allah ya huci zuciyarka Malam, babu wanda ya raina aikinka. Amma nahawun da ke jikin sunanka daga Larabci ya zo, jadawali ma haka, kuma ba ka taɓa korar su ba. Aro daga Larabci halal, daga Turanci haram?

Malam Nahawu: Waɗancan sun yi ɗaruruwan shekaru a gidan, sun zama 'yan gida.

Sani Bass: to tikiti ma a ba shi lokaci zai zama ɗan gida

Ummi K: kuma ba 'yan rediyo ne suka yaɗa jirgin sama mai saukar ungulu ba? in za a zage su a yaba musu ma

'Yar Rediyo: Jama'a dare na yi fa, kuma har yanzu babu wanda ya taɓa min band ɗin kansa. In na ce mawaƙa masu tasowa na zubar da shi, don rubutun na magana ne a kan mutum huɗu ko biyar masu suna ɗaya, mai jita, mai ganga, mai rerawa.

Tafinta: Ƙungiyar mawaƙa.

Ɗan Jita: Wannan kamar mai shugaba da sakatare da ma'aji. Kuma a band ba kowa ke waƙa ba, wasu ma kiɗa zalla suke yi babu murya ko ɗaya. Rukunin makaɗa ya fi kusa.

Sani Bass: mu dai da muke cikin harkar ban muke cewa

Ummi K: ban me? ban kwana ko ban haƙuri 😂

Malam Nahawu: Rukuni ma Larabci ne, tunda yau ranar tonon asali ce. Ayari na nan, tawaga na nan. Ayarin 'yan toho.

Tafinta: Ayari sai suna kan hanya Malam. Anti ki duba rubutun da kyau, in jerin Glastonbury ko Coachella ake nufi ai cakuɗe yake da masu waƙa su kaɗai da rukunai da masu haɗa sauti, Baturen ma da ya ce bands sakaci ya yi. Ki ce makaɗa da mawaƙa masu tasowa a farko, inda ake nufin band takamaimai ki ce rukuni. In kina son misalin bikin da kusan duk jerinsa irin su ne, akwai The Great Escape a Brighton ta Ingila da ake yi a watan Mayu, da SXSW na Austin a Texas wanda aka fara a 1987, can kamfanonin waƙa ke zuwa farauta.

'Yar Rediyo: To ga abin da na rubuta: jerin masu wasa, don ya haɗa kowa. Jadawali na lokuta. Mai rufe fage. Makaɗa da mawaƙa masu tasowa. Rukuni ban gamsu da shi ba amma babu lokaci. Malam zan sa toho sau ɗaya a cikin jimla, in ce tun suna toho ake gane su, amma ba a matsayin sunansu ba.

Ɗan Jita: jam'in mai rufe fage fa, masu rufe fage, tunda kowane dare da nasa, kar ki manta

Malam Nahawu: Sau ɗaya. To. Ki dai furta shi daidai, toho ne ba tuwo ba. Kuma ku rubuta ku ajiye, maganar ayari ban janye ba.