Kwantena a filin mahaifinmu a Gadarif: yaya zan yi ta zama gida a ido?

Ɗan Umdurman:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, musamman daga magina da masu walda.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 muka baro Umdurman, ni da Inna da maiɗakina da yara uku, muka sauka a gidan kawuna a Gadarif, gabashin ƙasar. Mutumin nan bai taɓa nuna mana gajiya ba, amma ɗaki biyu ne da gutiya ɗaya, wato bukkar ciyawa, kuma zaman ya yi tsawo. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar fili a bayan gari. Ba a raba gado ba tukuna, 'yan'uwana sun warwatsu, wani a Kasala, wani a Masar, don haka ba na son in kafa ginin da gobe zai jawo magana. Shi ya sa hankalina ya tafi kan kwantena mai ƙafa 40 daga Bur Sudan: idan an raba fili in ɗaga ta zuwa rabona, idan Allah ya ƙaddara komawa in sayar.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne Inna. Da na gaya mata sai ta yi shiru, can ta ce, "Shekara arba'in ina da ƙofar gida, yanzu a akwatin kaya za a ajiye ni?" Ban iya barci ba ranar. Cikin ɗakin na san yadda zan yi da shi. Wajen ne ya gagare ni. Ina son wanda ya biyo layin ya ce ga gidan mutane, ya yi sallama kafin ya shiga. Fenti kawai zai isa? Ko in lulluɓe ta da ciyawa ta saje da gutiyoyin unguwa?

Tsohon Magini, Maiwurno:

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka damu da zuciyar mahaifiyarka.

Kafin fenti, duba ƙasa. Ƙasar Gadarif baƙar laka ce, da damina ta kumbura, da rani ta tsage har ƙafar akuya ta faɗa. Ita ce ke fasa katangun bulo a garin nan. A nan kwantena ta fi gini sauƙi, don ƙarfinta a kusurwoyi huɗu yake. Ka zuba mata ginshiƙan kankare a kusurwoyin da tsakiya, a haƙa su sosai, ta ɗago daga ƙasa kamar rabin mita. Idan wani gefe ya zauna bayan damina, jak za ka sa ka daidaita. Kada ka kuskura ka ajiye ta a kan laka kai tsaye, tsatsa za ta cinye gindinta.

Sai rana. Tsawonta mita 12 da 'yan kai, faɗinta bai kai mita 2 da rabi ba. Ka shimfiɗa ta yadda dogayen ɓangarorin za su kalli arewa da kudu, gajerun su kalli gabas da yamma. Tagogi arewa da kudu, kamar yadda aka saba yi a Sudan, don iskar arewa da rani, ta kudu da damina.

Abin da zai canza mata kama kuwa rufi na biyu ne. Ka kafa ƙarafa ka ɗora zinki sama da rufinta, ka bar tazarar rabin mita iska ta riƙa ratsawa, sannan ka ja rufin ya zarce gaba da mita 3 ya zama rakuba, wato rumfa. Ƙarfe a ranar Afrilu ba ya taɓuwa da hannu, amma ƙarfen da ke inuwa ba shi da wannan zafin. Daga nesa ido rufi da baranda zai fara gani, kwantenar ta koma bangon ɗaki kawai. A rakubar Inna za ta sa angarib ɗinta, wato gadon igiya, a gefe a kafa zir biyu, wato randunan ruwa, a nan za ta sha jabana, gahawarmu, da maƙwabta. Mu dai a ƙasar nan rabin rayuwarmu a tsakar gida muke yin ta.

Batun ciyawa a jikin ƙarfe ka bar shi. Kai ma ka san yadda gobara ke yi da gutiyoyi in iska ta taso.

Mai Walda, Bur Sudan:

Baba ya gama magana, abu biyu zan ƙara. Duk inda ka yanka ƙofa ko taga, a kewaye wurin da ƙarfe mai kauri a yi masa walda, don lanƙwasar bangon nan ita ke riƙe da rufin. Kuma farar ƙasa ba ta kama ƙarfe. A kankare tsatsa, a shafa jan fenti mai hana tsatsa, sannan fari ko ruwan ƙasa mai haske. Idan ka samu mai tsayi, wadda ta kusa mita 2.9, ɗauke ta, ta fi ta mita 2.6 sakewa. Ka zo da kanka ka duba ta, ka shiga ka rufe ƙofa da rana. Duk inda haske ya shigo, ruwa ma zai shigo.

Amma tsakani da Allah, Yaya, ka lissafa kuɗin mota da na kiren da zai sauke ta. Nauyinta babu komai a ciki ya kusa tan 4. Wani lokaci ɗaki ɗaya na jan bulo ya fi araha.

Hajiya ta Jidda:

Ɗana, ni tsarar mahaifiyarka ce, bari in faɗa maka abin da maza suka tsallake. Ƙofar gida ta ambata maka. Mace irinmu ba ta ganin wuri gida ne sai yana da sutura. Ka fara kewaye filin, ko da zana ce mai kyau, ka yi ɗan zaure a bakin hanya inda baƙo zai tsaya. Waɗannan manyan ƙofofin kwantena masu sakata ka juya su baya, ka mai da can ɗakin ajiya. Ka yanka ƙofa irin ta mutane a ɓangaren rakuba, da matakala biyu masu faɗi saboda gwiwa.

A tsohon garin Jidda, Balad, tagogin gidajen da katako aka saƙa su, ana ce musu roshan. Na ciki yana ganin waje, na waje ba ya ganinsa, iska kuma tana shiga. Tsofaffin gidajen Sawakin ma haka suke, ka ga ba baƙon abu ba ne a Sudan. Ba sai ka yi mai tsada ba, kafinta zai haɗa maka siraran katako a gicciye, a shafa kore ko shuɗi. Bangon zauren kuma in ka yi shi da jalus, wato ginin laka, a ɗora masa zanko a kusurwa irin na Kano da Zariya. Iyayenmu da suka biyo hanyar Makka da ƙafa sun san shi, ita ma za ta gane shi.

Ka bar ta ta zaɓi launin ƙofar da kanta.

Tsohon Magini, Maiwurno:

Hajiya ta faɗi gaskiya. Idan za ka dasa darbejiya, nesa da ginshiƙan, don saiwarta na tsotse ruwan laka ƙasa ta zauna. Lalle za ka iya jerawa kusa da zana. Ruwan rufi kuma a sa masa indararo ya zuba cikin tanki, kada ya kwanta a gindin ɗaki.

Ɗan Umdurman:

Allah ya saka muku da alheri, Baba, Hajiya, da kai ƙanena. Na yi lissafin jan bulon, ya ɗan fi sauƙi kamar yadda ka ce, amma bulo ba ya ɗaguwa ranar rabon gado, don haka ina nan kan kwantenar. Jiya bayan la'asar na karanta wa Inna amsoshinku, na zana mata rakubar da zauren a ƙasa da tsinke. Ta daɗe tana kallo, ta matsar da wurin zir ɗin zuwa inda inuwa za ta fi daɗewa, sannan ta ce ƙofa koriya take so, irin ta gidanmu na Umdurman. Baba, wannan makon zan haƙa rami ɗaya in ga inda lakar ta ƙare, zan turo maka hoton ka duba mini kafin in sayi siminti.