Muhawara: Tafiyar kwana goma ce ke riƙe matasan Yahudawan Amurka, ko makaranta?

Malam Habibu: Jama'a, ga abin da nake so mu tattauna yau. Tun shekarar 1999 ake gudanar da shirin Birthright, wanda attajirai biyu, Charles Bronfman da Michael Steinhardt, suka kafa da haɗin gwiwar gwamnatin Isra'ila, inda ake kai matasan Yahudawa 'yan shekara 18 zuwa 26 ziyarar kwana goma a Isra'ila ba tare da sun biya kuɗin jirgi ko na masauki ba. Fiye da mutum 800,000 sun yi wannan tafiya. Ra'ayina shi ne, babu wani shiri da ya kai shi tasiri wajen riƙe matasan Yahudawan Amurka a cikin al'ummarsu, har da makarantun da ake kashe wa maƙudan kuɗi.

Hajiya Rakiya: Malam Habibu, ban yarda ba. Yaron da ya shekara goma sha biyu a makarantar Yahudawa yana koyon Ibrananci da Attaura kullum, ta yaya za a auna shi da wanda aka zagaya da shi a motar safa, aka nuna masa Bangon Yamma na Ƙudus da dutsen Masada da gidan tarihin Yad Vashem na tunawa da kisan ƙare dangi da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa, sannan aka mayar da shi filin jirgi? Binciken cibiyar Pew na 2020 ya nuna cewa kashi 98 cikin ɗari na masu aure a cikin Yahudawan Orthodox, wato masu riƙo da dokokin addinin sau da ƙafa, Bayahude ɗan'uwansu suka aura, kuma 'ya'yansu ne suka fi cika waɗannan makarantu.

Malam Habibu: Hajiya, ai hujjarki ce ke mara mini baya. Orthodox ɗin nan kusan kashi 9 cikin ɗari ne kawai na Yahudawan Amurka, kuma da makaranta da babu, gidajensu sun isa su riƙe su. Damuwar masu shirin ta taso ne daga ƙididdigar Yahudawan Amurka ta 1990, wadda ta bayyana cewa kashi 52 cikin ɗari na sababbin aure da waɗanda ba Yahudawa ba ake ƙulla su. Daga baya an soki yadda aka yi lissafin, amma ya riga ya tayar wa shugabannin al'ummar hankali. Matasan da ake tsoron rasawa su ne waɗanda ba su taɓa shiga irin makarantar da kike magana ba, a wani ɓangaren saboda a birni irin New York kuɗin makarantar yaro ɗaya yakan haura dala 30,000 a shekara. Abin da yawancinsu suka samu bai wuce darasin yamma ko na ranar Lahadi ba, kamar yadda ɗanmu ke zuwa Islamiyya bayan boko, kuma da yawa suna dainawa da zarar an yi musu bikin balaga a shekara goma sha uku.

Dakta Sa'idu: Ku ba ni dama in shigo ta fuskar bincike, domin nan ne maganar take da ƙashi. Wahalar auna makaranta ita ce, iyayen da suka kai ɗansu can dama masu addini ne, saboda haka ba a iya rarrabe aikin malami da tarbiyyar gida. Birthright kuwa ya zo da wata dama da masu bincike ba su cika samu ba. A shekarun farko masu neman tafiya sun fi gurabe yawa, sai aka samu rukuni biyu masu kama da juna, waɗanda suka nema suka tafi da waɗanda suka nema ba su samu ba. Leonard Saxe da abokan aikinsa a Jami'ar Brandeis sun bi sawun rukunonin shekara da shekaru, suka kuma gano cewa waɗanda suka tafi sun fi auren Yahudawa, sun kuma fi jin kusanci da Isra'ila. To amma mai karatu ya sani cewa ɗaya daga cikin cibiyoyin da ke wannan aiki a Brandeis sunan Steinhardt take ɗauke da shi, domin da kuɗinsa aka kafa ta. Wannan bai isa ya rushe sakamakon ba, sai dai ya isa ya sa mutum ya karanta da natsuwa.

Hajiya Rakiya: Na gode, Dakta. Ko mun karɓi sakamakon yadda yake, tambayata ita ce, me aka auna? An auna wa mutum ya aura da yadda zuciyarsa ke ji game da wata ƙasa. Ba a ce ya dawo yana karanta littafin addu'arsa ba, ko ya san hukuncin ranar Asabar. A ganina wannan kishi ne, ba ilimi ba.

Malama Zainab: Akwai ɓangaren da ba a taɓa ba. Shirin yana haɗa matasan da takwarorinsu na Isra'ila, galibi sojoji, su yi kwanaki tare a mota ɗaya, kuma masu suka sun daɗe suna cewa ba a nuna musu rayuwar Falasɗinawa a ƙarƙashin mamaya. A 2018 wasu mahalarta masu alaƙa da ƙungiyar IfNotNow, ta matasan Yahudawan Amurka masu adawa da mamayar, sun fice daga tafiyar ana tsaka da ita, wasunsu suka nufi birnin Hebron da ke Yammacin Kogin Jordan domin gane wa idanunsu. Binciken Pew ɗin da Hajiya ta ambata ya nuna kashi 48 cikin ɗari ne na 'yan ƙasa da shekara 30 ke jin kusanci da Isra'ila, alhali a tsakanin 'yan shekara 65 zuwa sama ya kai kashi biyu cikin uku. Shekara ashirin ana kwasar matasa kyauta, amma giɓin yana nan.

Malam Habibu: Malama, ba mu san yadda giɓin zai kasance ba da babu shirin, don haka wannan adadi bai yanke hukunci ba. Abin da zan sassauta a kai shi ne kalmar "babu wani shiri", saboda wanda ya dawo daga tafiyar yana buƙatar inda zai sauka. A jami'o'i ƙungiyar ɗaliban Yahudawa ta Hillel, wadda aka kafa a Jami'ar Illinois a 1923, da gidajen Chabad, wata ƙungiyar Orthodox mai wa'azi a tsakanin Yahudawa, su ne ke shirya cin abincin yammacin Juma'a na shiga Asabar da darussa, kuma su ɗin ne ma ke tattara ɗalibai da yawa zuwa tafiyar tun farko.

Dakta Sa'idu: To ka ga ke nan rabon yabon ya ƙara wuya, Malam, domin ɗalibin da Hillel ta rubuta sunansa ya riga ya tako ƙofarta kafin ya hau jirgi. Zan so a mako mai zuwa mu duba sansanonin hutun bazara irin Ramah, da aka fara a 1947, inda yara ke yin makonni a jere, wasu kuma suna komawa shekara bayan shekara.