Hannuna na rawa bayan lodi: in yi gwajin EMG ko in haƙura?

Ɗan Dawanau: Salamu alaikum 'yan uwa. Dako nake yi. Idan muka yi lodin mota biyu a jere, sai hannun damana ya kama karkarwa, yatsu su ƙi riƙe kunnen buhu. In na huta kamar rabin awa komai ya dawo daidai. An duba suga da hawan jini, lafiya lau. Likita ya ce in hankalina bai kwanta ba a yi mini EMG, wato gwajin da ke auna aikin jijiya da tsoka, amma kuɗin da ke hannuna na ɗinkin sallar yara ne. Wanda ya taɓa yi ya ba ni shawara.

Baba Na Gwammaja: Yaro, je ka a duba maka suga.

Auwal Keke: Baba ai ya ce an duba. Ni dai na ce basir ne, ka nemi saiwa.

Malam Fisiyo: Abin da ka faɗa ya yi kama da gajiyar aiki. Ƙwaƙwalwa tana aika saƙo ta laka zuwa jijiyoyin da ke motsa tsoka, kowace jijiya da nata rukunin zaren tsokar. Da rukunin farko ya fara gazawa sai a tayar da manyan rukunai su kama masa, su kuma ba su iya aiki a natse ba, shi ne karkarwar da kake gani. In ka matsa iya ƙarfinka, saurin saƙon da kansa yana raguwa, domin akwai ƙananan jijiyoyi a cikin tsoka da ke kai rahoto sama cewa sinadarai sun taru, laka da ƙwaƙwalwa su sassauta. Dawowar ƙarfi da hutu alama ce mai kyau.

Maman Khairat: Haka aka ce da ni, wallahi haka. Ɗinki nake yi. Da safe garau, da la'asar fatar idona ta dama ta sauko, ina ganin allura biyu, ko tuwo in ina tauna sai muƙamuƙina ya mutu. Wani kemis ya yi ta yi mini allurar ƙarin ƙarfi, surukata ta ce ƙiwa ce, har gida aka kai ƙarata. Na sayar da keken ɗinkina kan rubutu da hayaƙi. Sai da numfashi ya fara gagarata aka kai ni asibitin koyarwa, suka liƙa mini waya suna ɗana wa jijiya lantarki a jere, ana gani a allo amsar tsokar tana raguwa. Myasthenia gravis ce, garkuwar jikina ce ke lalata wurin da saƙon jijiya ke sauka a tsoka. Yanzu maganin Mestinon nake sha. Ƙanina, ka je. Ni dubu 45 na biya.

Auwal Keke: Dubu 45? Yayana dubu 90 aka caje shi a asibitin kuɗi, kuma aka ce ba a ga komai ba.

Sani Zinder: A nan ma sai an tura mutum Yamai. Kuɗin mota kaɗai ya isa ɗinkin sallah.

Malam Fisiyo: Allah ya ƙara sauƙi Maman Khairat, amma naki daban ne. Shi bai ce ido ko haɗiya ko tauna ba, kuma sai ya ɗauki buhu mai kilo 100 abin ke zuwa. Ɗan Dawanau, in ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, ko hannun ya fara ramewa, to kar ka jira.

Maman Khairat: Kai likita ne? Masu karatu irinku ne suka ce mini gajiya ce.

Malam Fisiyo: Gashin ƙashi na karanta, Hajiya, aikina ke nan kullum.

Baba Na Gwammaja: Mu da muka yi dako tun kafin a haife ku ba mu san wani EMG ba. Fura da nono, sai barci.

Auwal Keke: Ko ka ƙara aure, karkarwar ta koma aljihu.

Sani Zinder: Ku bar wasa. Yaranmu masu lodi tiramol suke haɗiya don kar su ji gajiyar.

Malam Fisiyo: Wannan ne abin tsoron. An taɓa gwada masu tseren keke, aka toshe wancan rahoton da tsoka ke kaiwa sama da allurar fentanil, maganin kashe zafi, a gadon baya. Suka fita da ƙarfi fiye da kullum, daga baya tsokar ta gaji fiye da kullum. Tiramol kuma yana jawo farfaɗiya in an yawaita. WADA ma, hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni, ta hana 'yan wasa shi a lokacin gasa tun farkon 2024.

Auwal Keke: To wa ke sayar musu? Mai shayi da mai tebur, ido na ganin ido. NDLEA ta kama kwantena a Legas, washegari kaya sun cika layinmu.

Baba Na Gwammaja: Laifin masu kaya ne. A ce a cika tirela kafin magariba, kuɗin buhu kuma bai motsa ba. Wa zai huta rabin awa?

Ɗan Dawanau: Baba, mu ma shugabannin ƙungiya sun ce za a zauna kan kuɗin lodin bayan sallah. Wa ya san nawa ake biya a kasuwar Singa yanzu?