Birkin Corolla yana nutsewa, a taimaka da shawara

Assalamu alaikum 'yan'uwa, musamman makanikai. Corolla ce 2008, birkinta ya yi laushi. In na taka na riƙe a danja, sai ƙafata ta dinga nutsewa a hankali har kusan ƙasa. In na yi famfo yana ɗan tauri, can ya sake saki.

An canza fad (takalmin birkin da ke matse taya), an zuba sabon man birki DOT 3, an fitar da iska daga layin birki na tayoyin duka. Man ba ya raguwa, na duba bayan tayoyi da fayif babu ɗigo ko kaɗan.

Makanikena ya ce robobin cikin masta (silindar da ke tura man birki zuwa tayoyi) ne suka mutu, wani kuma ya ce iska ce ta maƙale a ABS (na'urar da ke hana tayoyi kullewa in an taka birki da ƙarfi). Ta yaya zan bambance kafin in sayi masta? Da motar nake kai yara makaranta, hankalina bai kwanta ba.